Nana Khadija Bint Khuwailid (RA): Attajirar Makka Da Dukiyarta Ta Ƙare A Hidimar Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Da wuya mutum ya shiga unguwa a ƙasar Hausa ya fita bai ji an kira wata Hadiza ko Dije ko Kubura ba. Duk waɗannan sunaye na mace ɗaya ne, Uwar Muminai Khadija 'yar Khuwailid, Allah Ya ƙara mata yarda. Ko ɗan ƙaramin aji a Islamiyya ya san ita ce matar Manzon Allah (SAW) ta farko, kuma ita ce ta riga kowa ba da gaskiya da shi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne rayuwarta ta attajira: yadda ta juya dukiya a garin da maza suka mamaye fatauci, da irin mutanen da take damƙa wa amanarta, da kuma inda dukiyar ta ƙare. A wannan zamani da ake ta ja-in-ja a kan sana'ar mata, wasu na hana su neman na kansu da sunan addini, wasu kuma na ganin tara kuɗi shi ne iyakar ci gaba, tarihinta ya cancanci a karanta shi a natse.

Asalinta da gidan da ta fito

Ita ce Khadija 'yar Khuwailid ɗan Asad ɗan Abdul'uzza ɗan Ƙusayyu. A kan Ƙusayyu ne nasabarta ta haɗu da ta Manzon Allah (SAW), shi ne kuwa mutumin da ya tattaro Ƙuraishawa ya zaunar da su a Makka. Mahaifiyarta Faɗima 'yar Za'ida ita ma Baƙuraishiya ce, daga zuriyar Amir ɗan Lu'ayyi. Bisa maganar da ta fi shahara a wajen malaman tarihi, an haife ta shekara 15 kafin Shekarar Giwa, wato wajen 555 Miladiyya.

Gidansu na Banu Asad gida ne na daraja da dukiya da sani. Ɗan'uwanta Awwam shi ne mahaifin Zubairu, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Wani ɗan'uwan nata, Hizam, shi ya haifi Hakim, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan kasuwar Makka. Ɗan baffanta kuwa shi ne Waraƙa ɗan Naufal, dattijon da ya ƙyamaci bautar gumaka, ya karanci littattafan Yahudu da Nasara. Banu Asad suna cikin gidajen da suka ƙulla alkawarin nan da ake kira Hilful Fudul, wanda aka yi a gidan Abdullahi ɗan Jud'an bayan an danne wa wani baƙon ɗan kasuwa kuɗin hajarsa, inda suka yi rantsuwar tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka har sai an mayar masa da haƙƙinsa.

Tun a zamanin jahiliyya mutanen Makka suke yi mata laƙabi da Ɗahira, wato tsarkakakkiya, saboda kamun kanta. Ta yi aure sau biyu kafin Manzon Allah (SAW). Ta auri Abu Hala ɗan Zurara daga ƙabilar Tamim, ta kuma auri Atiƙ daga Banu Makhzum, ta haihu da kowannensu. Daga cikin 'ya'yanta na wancan lokaci akwai Hindu ɗan Abu Hala, wanda daga baya ya shahara da iya siffanta Annabi (SAW), har Imamu Tirmizi ya kawo bayaninsa a cikin littafin Shama'il. Da ta koma bazawara, manyan Ƙuraishawa sun yi ta zuwa neman aurenta saboda asali da dukiya, ta ƙi amsa wa kowa, ta mayar da hankali ga renon 'ya'yanta da kula da kasuwancinta.

Makka, garin fatake

Makka tana cikin kwari ne marar noma, duwatsu kewaye da ita. Abin da mutanenta za su ci da wanda za su sa, yawancinsa daga waje yake zuwa, saboda haka fatauci ya zama numfashin garin. Hashim, kakan mahaifin Annabi (SAW), da 'yan'uwansa su suka ƙulla yarjejeniyoyi da sarakunan maƙwabta da ƙabilun da ke kan hanya, don ayarin Ƙuraishawa ya riƙa wucewa lafiya. Daga nan aka sami tafiye-tafiyen nan biyu da Suratu Ƙuraish ta ambata, ta lokacin hunturu zuwa Yaman da ta lokacin bazara zuwa Sham. Ana fita da kiraga da zabibi da azurfa da turare, a dawo da alkama da man zaitun da tufafi. A kusa da gida kuma akwai kasuwannin shekara-shekara na Ukaz da Majanna da Zul Majaz, waɗanda ake ci dab da aikin Hajji.

Tafiyar Sham wata guda ce zuwa, wata guda dawowa, cikin rairayi da zafin rana da fargabar 'yan fashi. Mai dukiya ba dole ne ya bi ayari da kansa ba, yana iya zuba jarinsa ya wakilta wani. Ta wannan ƙofa ce mata suka shiga harkar. Littattafan tarihi sun ambaci cewa ayarin Abu Sufyan da ya zama sanadin yaƙin Badar, da wuya a sami Baƙuraishe ko Baƙuraishiya mai ɗan abin hannu da bai zuba wani abu a ciki ba. Sai dai a cikin matan da suka yi wannan harka babu wadda ta kai Khadija. Ibn Sa'ad ya kawo ruwayar cewa kayanta ita kaɗai sukan yi daidai da na sauran Ƙuraishawa a haɗe.

A wannan gari ne kuma ake binne 'ya mace da rai a wasu gidaje, ake hana mata gado, ake gadon matar mamaci kamar kayan ɗaki. Mace ta riƙe dukiya mai yawa a irin wannan wuri, ba tare da miji ko uba a tsaye a kanta ba, har manyan gari su riƙa girmama ta, abu ne da ke buƙatar hankali da ƙarfin hali fiye da na kowa.

Yadda take juya dukiyarta

Ibn Ishaƙ, wanda yake cikin magabatan marubuta tarihin Annabi (SAW), ya bayyana hanyoyi biyu da take bi. Wani lokaci takan ɗauki mutum aiki a kan lada sananne, ya kai mata haja ya sayar ya dawo. Wani lokaci kuma takan ba shi jari su raba riba a kan kason da suka yi yarjejeniya. Wannan hanya ta biyu ita ce ake kira mudaraba, malaman mazhabar Malikiyya kuma suka fi saninta da ƙiradi. Musulunci ya zo ya tarar da ita ya tabbatar da ita, Imamu Malik ya ware mata babi a cikin Muwaɗɗa, kuma ɗaliban da suka karanta Risala sun gamu da ita a babin ciniki.

Tsarin ƙiradi shi ne, wani ya kawo jari, wani ya kawo ƙarfinsa da saninsa na kasuwa. Ribar da aka samu a raba ta da kaso, kamar rabi da rabi ko sulusi, ba a yanke wa wani adadin kuɗi tun farko. In aka faɗi, asarar dukiya tana kan mai jari, shi kuma mai aiki ya yi asarar wahalarsa, kuma ba a ɗora masa biya sai in ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Duk wanda ya dubi wannan tsari zai gane cewa mai jari ya rataya dukiyarsa ne a wuyan amanar wani. Mutum zai tafi da kayanka tafiyar wata biyu, ba waya ba wasiƙa, ya dawo ya faɗa maka nawa ya sayar, nawa ya kashe a hanya. In maƙaryaci ne, ba ka da hanyar kama shi.

Saboda haka babban aikin Khadija shi ne sanin mutane. Wane ne zai riƙe amana in ya yi nisa da ido? Wane ne ya san kasuwa, wane ne kuma mai daɗin baki kawai? A nan ne basirarta ta fi fitowa, kuma wannan basira ce ta kai ta ga zaɓin da ya sauya rayuwarta duka.

Tafiyar Sham

A lokacin Annabi (SAW) yana da shekara 25, ba a aiko shi ba tukuna. Maraya ne da ya tashi a hannun baffansa Abu Ɗalib, mutum mai daraja amma mai yawan iyali da ƙarancin abin hannu. Ya yi kiwon tumaki ga mutanen Makka a kan ɗan lada, kuma gari duka ya san shi da laƙabin Al'amin saboda gaskiyarsa da riƙon amana. Wasu ruwayoyi sun ce Abu Ɗalib ne ya ba shi shawarar ya shiga cikin masu yi wa Khadija fatauci saboda matsin da suke ciki. Da labarinsa ya isa gare ta, sai ta aika masa, ta yi masa tayin ninkin abin da take ba wasu, ta kuma haɗa shi da yaronta Maisara.

Mai neman aiki ne a cikin buƙata, tana iya matse shi ta ba shi kaɗan ya karɓa. Ita kuwa ta san amana tana da tsada, ta biya ta da farashinta. Tare da haka ba ta sakankance ba, ta sa nata mutum a cikin tafiyar, wanda zai yi hidima kuma ya zo mata da labari.

Ayari ya isa Busra, wadda ke kudancin ƙasar Siriya ta yau. Suka sayar da abin da suka kawo, suka sayi abin da za su koma da shi. Da suka dawo Makka, Khadija ta sayar da kayan ta sami riba da ta ninka wadda ta saba samu, ko kusa da haka. Maisara kuma ya kwashe abin da ya gani ya faɗa mata: gaskiyarsa a ciniki, sauƙin halinsa ga abokan tafiya, da yadda ya ƙi rantsuwa da Lata da Uzza a lokacin da wani abokin ciniki ya nemi ya rantse da su. Malaman tarihi sun kuma kawo labarin wani malamin Nasara da ya ga alamun annabci tare da shi, da inuwar da ake yi masa a tsakar rana.

Auren da ita ta nema

Matar da ta mayar da shugabannin Ƙuraishawa hannu rabbana, ita ce ta fara nuna sha'awar auren mutumin da ke yi mata aiki. Ta bi ta hanyar mutunci, ta tura ƙawarta Nafisa 'yar Munya ta ji ta bakinsa. Da ya ambaci rashin abin aure, Nafisa ta nuna masa cewa wannan ba zai zama cikas ba. Ibn Ishaƙ ya lissafa dalilan da Khadija ta bayar na zaɓensa: zumuncin da ke tsakaninsu, matsayinsa a cikin mutanensa, amanarsa, kyawun halinsa da gaskiyar maganarsa. Babu dukiya a cikin lissafin.

Baffanninsa suka je neman aure, Abu Ɗalib ya yi huɗuba, baffanta Amru ɗan Asad ya zama waliyyi bisa maganar da malamai da yawa suka rinjayar, domin mahaifinta ya riga ya rasu. Ibn Hisham ya ce sadakin matasan raƙuma 20 ne. Arzikinta bai sa an yafe sadaki ba, domin haƙƙinta ne. Maganar da ta fi shahara ita ce tana da shekara 40 a lokacin, akwai kuma ruwayar da ta ce 28. Wannan aure ya kasance wajen shekarar 595 Miladiyya, ya ɗauki shekara 25, kuma Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) bai auri wata mace ba har ta rasu.

Ta haifa masa Ƙasim, wanda ake yi masa alkunya da shi, da Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Faɗima da Abdullahi. Duk 'ya'yansa nata ne in ban da Ibrahim, ɗan Mariya. Mazan biyu sun rasu suna ƙanana, ta ɗanɗani zafin binne ɗa har sau biyu. Gidan kuma bai tsaya ga 'ya'yan ciki ba. Zaidu ɗan Harisa, wanda Hakim ɗan Hizam ya saya mata a kasuwar Ukaz, ta ba mijinta kyautarsa, shi kuma ya 'yanta shi. Da fari ya matsa wa Makka, aka ɗauko Aliyu ɗan Abu Ɗalib don a rage wa mahaifinsa nauyi, ya tashi a ɗakinta. An kuma ruwaito cewa Halimatus Sa'adiyya, wadda ta shayar da Annabi (SAW), ta zo tana kukan fari da mutuwar dabbobi, Khadija ta sallame ta da tumaki 40 da raƙumi.

Ranar da wahayi ya sauka

Da Annabi (SAW) ya kusa shekara 40, sai aka sanya masa son kaɗaita a Kogon Hira. Yakan yi kwanaki a can yana ibada, ya dawo wajen Khadija ya ɗauki guzuri ya koma. Ba ta ɗauki wannan a matsayin gudun gida ba, ita ce ma mai shirya masa abincin tafiya. A watan Ramadan na shekarar 610 Miladiyya Mala'ika Jibrilu ya zo masa da ayoyin farko na Suratul Alaƙ. Ya sauko daga dutsen zuciyarsa na bugawa, ya shiga wajenta ya nemi a lulluɓe shi.

Imamu Bukhari ya kawo abin da ya faru a farkon littafinsa. Ta lulluɓe shi, ba ta matsa masa da tambaya ba har tsoron ya lafa. Da ya ba ta labari ya nuna yana jin tsoro ga kansa, sai ta rantse masa cewa Allah ba zai taɓa kunyata shi ba, ta kuma kafa hujja da halayensa: yana sada zumunci, yana ɗaukar nauyin gajiyayyu, yana ba wanda ba shi da komai, yana karrama baƙo, yana taimako a kan masifun da ke afka wa mutane. Shekara 15 da suka wuce ta auna shi da halinsa ta ba shi dukiyarta. Yau ma da wannan ma'auni ta auna al'amarin da ya zo da shi, ta ba shi imaninta.

Ba ta tsaya a kan lallashi ba, ta kama hanya da shi zuwa wajen Waraƙa ɗan Naufal, wanda a lokacin ya tsufa ya makance. Waraƙa ya saurara, ya tabbatar masa cewa mala'ikan da ya zo wa Annabi Musa (AS) ne ya zo masa, ya kuma gargaɗe shi cewa mutanensa za su fitar da shi daga garinsa. Khadija tana zaune ta ji wannan gargaɗi. Ta san abin da rigima da Ƙuraishawa za ta jawo wa mai dukiyar da ke tafiya a cikin ayarinsu, duk da haka ita ce ta fara musulunta. Wani ɗan kasuwa mai suna Afif Alkindi ya ba da labarin yadda ya zo wajen Abbas a farkon al'amari, ya ga wani mutum da yaro da mace suna salla, Abbas ya shaida masa cewa bai san wani a kan wannan addini ba sai su ukun. Macen ita ce Khadija.

Shekarun ƙauracewa

A shekara ta 7 da aiko Annabi (SAW), Ƙuraishawa suka ga azabtarwa ba ta tsayar da Musulunci ba, sai suka koma ga makamin da suka fi ƙwarewa a kai, wato kasuwa. Suka rubuta takarda suka rataye a cikin Ka'aba, cewa ba saye ba sayarwa, ba auratayya, tsakaninsu da Banu Hashim da Banu Muɗɗalib, har sai sun miƙa Muhammadu (SAW). Aka tsare gidajen biyu a kwarin da ake kira Shi'ibu Abi Ɗalib na kimanin shekara uku. Yunwa ta kai su ga cin ganyen itatuwa da busasshiyar fata, ana jiyo kukan yara daga bayan kwarin. In sun fito a watanni masu alfarma don sayen abinci, Abu Lahab yakan zuga fatake su tsawwala musu farashi, su koma hannu wofi.

Khadija 'yar Banu Asad ce, tana da gidan da za ta koma. Ta haura shekara 60, ba ta saba da yunwa ba, amma ta shiga kwarin tare da mijinta, ta kuma ci gaba da kashe abin da ta mallaka a kan waɗanda aka tsare. Danginta ma ba su manta da ita ba. Wata rana Hakim ɗan Hizam, wanda bai musulunta ba a lokacin, ya ɗauko alkama zai kai wa gwaggonsa, Abu Jahal ya tare shi. Abul Bakhtari ya shiga tsakani, rigima ta kaure har ya rotsa wa Abu Jahal kai da muƙamuƙin raƙumi. Daga cikin mutum biyar da suka tashi tsaye har aka warware takardar, biyu 'yan gidansu ne na Banu Asad, wato shi Abul Bakhtari da Zam'a ɗan Aswad. Da aka je ciro takardar sai aka tarar gara ta cinye ta, ba abin da ya rage sai sunan Allah.

Rasuwarta da abin da ta bari

Ba a daɗe da fita daga kwarin ba Abu Ɗalib ya rasu, ita ma ta bi bayansa a watan Ramadan na shekara ta 10 da aike, shekara uku kafin Hijira, tana da shekara 65 bisa mashahuriyar magana. An binne ta a Hajun, a maƙabartar da alhazai suka sani da Mu'alla. Annabi (SAW) da kansa ya shiga kabarinta, lokacin kuwa ba a shar'anta sallar jana'iza ba. Wannan shekara ce malaman tarihi ke kira Shekarar Baƙin Ciki. Ba ta ga Madina ba, ba ta ga Badar ba, ba ta ga buɗe Makka ba. Ta zuba jarinta duka a lokacin da babu wata alamar riba a duniya.

Tun tana raye aka yi mata albishir da sakamakonta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Jibrilu ya zo ya sanar da Annabi (SAW) cewa ga Khadija nan tafe da ƙwaryar abinci, ya umarce shi ya isar mata da gaisuwa daga Ubangijinta da kuma daga gare shi, ya yi mata bushara da gida na lu'ulu'u a Aljanna, wanda babu hayaniya babu wahala a cikinsa. Annabi (SAW) ya kuma lissafa ta tare da Maryam da Asiya da 'yarta Faɗima a matsayin mafifitan matan Aljanna. Wasu malaman tafsiri, a bayanin ayar Suratud Duha da ta yi maganar wadatar da shi bayan rashi, sun ambaci dukiyar Khadija a cikin abin da aka wadata shi da shi.

Bai daina ambatonta ba har ƙarshen rayuwarsa. In ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta. Da 'yar'uwarta Hala ta yi sallama a ƙofarsa a Madina, sai ya zabura don ta tuna masa da sallamar Khadija. Bayan yaƙin Badar, 'yarsa Zainab ta aiko da fansar mijinta Abul As, a ciki har da sarƙar wuyan da Khadija ta ba ta ranar kai ta ɗaki. Da ya ga sarƙar tausayi ya kama shi ƙwarai, ya nemi sahabbai in sun yarda su saki fursunan su mayar mata da kayanta, suka yarda. Nana A'isha (RA) ta ce ba ta yi kishi da wata mace kamar yadda ta yi da Khadija ba, alhali ba ta zauna da ita ba. Da ta taɓa nuna cewa Allah Ya musanya masa da wadda ta fi ta, sai ya musa, ya lissafa cewa ta yi imani da shi lokacin da mutane suka kafirce, ta gaskata shi lokacin da suka ƙaryata, ta taimake shi da dukiyarta lokacin da suka hana shi, kuma Allah Ya ba shi 'ya'ya ta wajenta.

Abin da gidajenmu za su ɗauka

Dukiyar mace tata ce. Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabonsu na gado, ta kuma bayyana cewa maza suna da rabo daga abin da suka tsuwurwurta, mata ma haka. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna kan miji ko da matarsa ta fi shi arziki. Abin da Khadija ta kashe kyauta ce da son ranta, shi ya sa ya zama falala. Mijin da ke cinye jarin matarsa da sunan rance ba ya biya, ko ɗan'uwan da ya danne gadon ƙannensa mata da sunan juyawa, ba shi da hujja a cikin wannan tarihi. Hujjar tana kansa ne.

Neman halal kuma ba a rufe wa mace ƙofarsa ba. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahash tana jima da ɗinkin fata da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa 'yar'uwar mahaifiyar Jabir izinin fita girbin dabinonta tana cikin idda, da fatan ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Sharaɗin da ke kan namiji a kasuwa, na guje wa algus da tauye mudu da kuɗin ruwa da rantsuwar ƙarya, shi ne ke kan mace, tare da kiyaye mutunci da haƙƙin gida. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da karatu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba ciniki a kasuwar Musulmi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su koya musu hukunce-hukuncen ibada da na ciniki.

Ga wadda Allah Ya ba jari ko shugabancin ma'aikata, hanyar Khadija a fili take. Ta zaɓi mutum a kan amana kafin dangantaka ko daɗin baki, ta biya shi abin da ya cancanta ba tare da cin gajiyar talaucinsa ba, ta sa ido a kan dukiyarta, kuma in al'amari ya fi ƙarfin saninta ta nufi wanda ya sani. Maza kuma su lura cewa mafificin halitta ya yi aiki da jarin mace, ya zauna da matar da ta fi shi dukiya, bai ji ƙasƙanci ba, kuma shekaru bayan rasuwarta yana faɗin alherinta a gaban matansa da sahabbansa.

Makka ta yi attajirai da yawa a zamaninta, irin su Walid ɗan Mugira da Umayya ɗan Khalaf, waɗanda suka tara dukiya suka yaƙi gaskiya da ita. Yau babu mai neman albarkar sunansu. Ita kuwa da ta san abin da take nema da dukiyarta, bayan shekara fiye da 1,400 iyaye suna ta raɗa wa 'ya'yansu sunanta daga Makka har ƙasar Hausa. Ya kamata duk yarinyar da aka sa wa wannan suna a zaunar da ita a ba ta labarin mai sunan, a kuma ba ta ilimi da damar da za ta yi koyi da ita.

Allah Ya ƙara wa Uwar Muminai Khadija yarda, Ya sanya albarka a cikin neman matanmu da mazanmu, Ya haɗa mu da ita a gidan Aljanna. Amin.